Aron Wuya

Inna tana shirya murjanin roba a zare, tana kaiwa kasuwar Cadawa. Wata ranar kasuwa ta ɗaura mini jar sarƙa, ta ce in zauna bakin tabarma, in daina sunkuyar da kai. Na ɗauka tawa ce.

Da la'asar wata Bafulatana ta nuna ni, ta ce, "Ta wuyan yarinyar nan nake so."

Inna ta juya ni, ta kwance ƙullin da haƙori. Na fashe da kuka. Ta ce, "Yi shiru, ɗiyata. Wuyanki na ara, ba sarƙa na ba ki ba."

Yau ina da ta zinariya. In na sa, sai in ji numfashin Inna a ƙeyata, in cire.