Sauran Biyar Ɗin

Likitan dabbobi na Gure bai sake kallon gawar kwikwiyon ba. Yatsan yarinyar ya kama, ya ƙura wa sawun haƙorin ido.

"Malam, yaushe ya cije ta?"

"Jiya, suna wasa," in ji uban. "Wata biyu ne fa da haihuwarsa, likita. Jariri ma yana hauka?"

"Uwarsa fa? An yi mata allura?"

Ranar da masu rigakafi suka zo, uban da kansa ya ɓoye karyar a bayan rumbu, don kada allura ta ɓata mata nono. Ya ce a bari sai ta yaye. Kafin ta yaye ta fara dalalar da yawu tana cizon itace, ta shiga daji, ba ta dawo ba.

"Ku wuce asibiti yanzu-yanzu," in ji likitan. "Tunda jiya ne, in sha Allahu ba a makara ba."

Uban ya saɓa 'yarsa a kafaɗa yana hamdala. Har ya kai bakin ƙofa likitan ya ɗaga murya.

"Shi kaɗai karyar ta haifa?"

Uban ya tsaya cak. Shida ta haifa. A gidansu ba a sayar da kare, kyauta ake bayarwa. Kasuwar da ta wuce ya raba biyar ga yaran ƙauyukan Kelle da Gamu, kowa ya tafi rungume da nasa yana lasar masa fuska.

Bai tambayi sunan yaro ko ɗaya ba.