Digirin Riƙon Hannu

Da hantsi Lubabatu ta je ofishin auna tafin hannu da ke Funtuwa. Tun da na'urori suka ƙwace likitanci da injiniyanci a ƙasashen waje, fanni ɗaya kaɗai ke sama wa baƙo izinin zama na dindindin: riƙon hannun tsofaffi. Tsofaffin can sun ce ba za su cika a hannun ƙarfe ba.

Ma'aikacin ya ɗora tafinta a kan gilashi.

"Ɗuminki ya kai, Malama, za su ɗauke ki. Amma kin san sharaɗin, wanda ya shiga ba ya leƙo gida sai takardarsa ta fito."

"Ni fa zanen gada na so na karanta."

"Ni ma tuƙin jirgi na so," ya ce, ya kira na bayanta.

A gida ta tarar da mahaifiyarta kwance, na'urar jinyar da yayyen Lubabatu suka aiko daga can tana shafa mata man zafi a ƙafa. Su ma riƙon hannun suka karanta.

"Inna, sun ce hannuna ya yi."

"Ai na riga su sani."

"Ko in fasa?"

"Ki fasa ki ci me a nan? Tafi abinki."

Inna ta daɗe tana kallon yatsun ƙarfen da ke kan ƙafarta.

"Kafin ki tafi dai, ki koya wa wannan abar ta riƙa ɗumama hannunta a garwashi kafin ta taɓa ni."