Ranar da Baba Othman Ya Zo Bincike

Gwadabe ya ɗaga kwalbar har ta wuce kansa, ya karkata kofin a wajen cinyarsa, ya sake ta. Giyar tuffa ta zubo siririya, ta daki gefen kofin ta yi kumfa, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Wannan hannun ne ya sama masa aiki. Da can shayi yake sayarwa a unguwar Hindawiyya a Jidda, yana sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, sai Madam Maite ta hango shi daga mota, ta ce ai haka ake zuba giyar tuffa a garinsu, can ƙasar Baskawa a arewacin Sifen. Mijinta Mista Kolin kuwa ɗan Ingila ne. Shi in ba jin ba, farar giyar nan tasu mai warin magani, to a bar shi da ƙishinsa. Sun daɗe suna musun wadda ta fi, har suka yi sulhu a kofi ɗaya: jin kaɗan a ƙasa, ƙanƙara, ɓawon lemon tsami, sannan ta tuffa daga sama.

Gwadabe ke haɗawa. Bai taɓa kai ta bakinsa ba, bai kuma taɓa tambayar inda take fitowa ba, don a Jidda irin wannan tambayar ba ta da lada. Kwalaben tuffar dai ko takarda babu a jikinsu, kuma ran Talata suke zuwa, ranar hutunsa.

Damuwarsa ɗaya ce a duniya, sunanta Zakiya. Son ta yake yi kamar ya haɗiye ta. Ubanta Baba Othman, mai sarin lemon kwali a kasuwar Balad, mutum ne da ko fito yaro ya yi a gabansa sai ya sha wa'azi. Ya taɓa korar wani manemin Zakiya don kawai an gan shi zaune kusa da masu shan shisha. Da Gwadabe ya je gaisuwa ya ce shi kuku ne a gidan Turawa a unguwar Obhur, sai tsohon ya tsayar da jan carbinsa.

"Wane gida?"

Gwadabe ya shiga kame-kame.

"Shi ke nan. Zan yi bincikena," in ji Baba Othman.

Kowa ya san binciken aure a wajen mutanenmu na Jidda, har abin da kakan mutum ya ci a jirgin ruwa sai an tono. Tun ranar Gwadabe bai ƙara barcin kirki ba.

Yau Talata ce, amma Madam za ta yi baƙi, ta hana shi hutu. Bayan la'asar yana kicin ya jera kofuna, kwalba a sama, aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ya ɗauka mai kawo ƙanƙara ne, ya ce a shigo ba tare da ya waiwaya ba.

Ƙamshin turare ya fara ji. Da ya juyo sai ga Baba Othman a bakin ƙofa, farar jallabiya, carbi a wuya, motarsa ta kaya a fake da baya har jikin matakala. Yadda masu gadin unguwar nan da ko ƙuda ba sa bari ya shigo suka ƙyale shi, Gwadabe bai samu sukunin tunani ba.

Tsohon ya dubi Gwadabe, ya dubi kwalbar. Fuskar tsohon ta yi fari fat, gumi ya keto masa.

Gwadabe ya ga Zakiya tana suɓuce masa. Ya durƙusa, ya yi rantsuwa ko ɗanɗanawa bai taɓa yi ba, neman abinci ne kawai. Da ya ga rantsuwa ba ta isa ba, ya miƙe ya suri kwalaben tuffa, ya shiga tuttule su ɗaya bayan ɗaya a wurin wanke-wanke, don a ga tuba a aikace.

"Kai, kai, ɗan nan," Baba Othman ya yi nishi kamar wanda aka taka wa ƙafa, ya dafe bango.

Shi ke nan, Gwadabe ya ce a ransa, tuban ma ya makara. Ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci.

Takalmin Madam ya yi ƙara a bayansa. Ta leƙo, ta washe baki, ta ce da gurgun Larabcinta: "A'a, Othman, ka zo da wuri! Yalla, maza Gwadabe, taya shi sauke kaya. Gaishe shi da kyau, duk Jidda babu mai dafa giyar tuffa kamar tasa."