Takin Awakin Inna Tabawa

Bana aka kafa dokar iri. Kowane lambu sai an share shi tas kafin sanyi ya shigo, a ƙone komai, kada a bar ko ƙwaya ɗaya. Irin shuka kuwa sai na hukuma, wanda 'ya'yansa ba sa tsirowa.

Da hantsi Inna Tabawa ta tuge sauran tumatirinta, ɗan ƙarami mai tsami da ta gada a wajen mahaifiyarta. Ta cinna wa ganyen wuta, ta kafta ƙasar, ta ja kunyoyi. Tana cikin haka Jafaru, jami'in hukuma mai binciken lambuna, ya iso da na'urarsa mai shinshina ƙasa. Na'urar ta bi lambun kaf ba ta ce uffan ba. Tana isa kan tulin takin da ke gefe sai ta hau kuka.

"Inna, akwai iri a nan," in ji Jafaru.

"Kashin awaki ne, ɗan nan. Kwana bakwai ina ba su ruɓaɓɓen tumatir. Karanta min inda dokarku ta hana akuya cin abinci."

Jafaru ya duba takardarsa sama da ƙasa, bai samu ba. Na'urar ba ta daina kuka ba.

Inna Tabawa ta cika kwando da taki, ta ɗora a kwankwaso, ta fara watsawa a kunyar farko.

"Matsa min, kana tare hanya. In wani abu ya tsiro, ga awakin can a turke, sai ka zo ka kama su."