Wa Ya Juya Fayil ɗin?

Bugun farko a kan tebur ya sauka, ya watsar da ƙananan allunan lantarki da kwalbar dalma. Na biyu ya sami injiniyan a kafaɗa.

Mai walda ba mutumin faɗa ba ne. Amma yau kwana uku 'yarsa tana kwance a asibiti, fuska naɗe da bandeji, likita kuma ya ce idon hagu sai haƙuri. A shagon injiniyan nan take aiki, inda ake haɗa inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida. Ta jona sabon allo da batir, ya tarwatse a fuskarta.

Da ya bar wa Allah, sai abokiyar aikinta ta zo dubiya, baki ya suɓuce mata. Ashe manhajar da suke zana hanyoyin wuta da ita ta kyauta ce, kowa na iya sa hannu ya gyara. Kwanan nan aka mayar da tsofaffin fayiloli zuwa sabon tsari don a riƙa buɗe su ta intanet. Garin juyawa wani ya rikita inci da milimita, layukan wuta biyu suka matso har suka taɓa juna. Kuma duk wanda ya yi gyara, sunansa na nan a rubuce.

A duk bayanin, abu ɗaya ya shiga kunnensa: akwai suna. 'Yar ta riƙe masa hannun riga tana cewa, "Baba, don Allah ka bar maganar nan." Tausayinta ya ƙara kama shi, yarinya tana cikin wannan hali amma wani take jiye wa. Ya biya ta shagonsa ya ɗauki guntun rodi.

"Buɗe min in ga sunan," in ji mai walda, yana tsaye a kan injiniyan.

Injiniyan ya dafe kafaɗa, yana haki. "Baba, ni ne mai shago. Ni ya kamata in duba, ban duba ba."

"Ban tambaye ka wanda bai duba ba."

Injiniyan ya miƙa hannu zai rufe kwamfutar, rodin ya riga shi. Yatsu biyu suka karye, da su yake neman abinci. Ya durƙusa, jini na ɗiga a kan takalminsa, amma ya ƙi faɗin sunan. Mai walda ya tabbata wani ɗan'uwansa yake rufa wa asiri, zuciya ta ƙara ɗebe shi. Ya ɗaga rodin, wannan karon saitin kai.

Abokiyar aikin ce ta yi wuf ta shiga tsakani. Injiniyan yana girgiza mata kai, yana cewa ya yi alkawari, amma ta juyo da kwamfutar ta ɗora yatsa a kan layin.

Mai walda bai yi nisa a boko ba, amma wannan sunan bai buƙaci a karanta masa ba. Shi da bakinsa ya raɗa wa 'yarsa shi, shekara ashirin da shida da suka wuce.