Gumin Yaya

Ranar da wata tsohuwa ta koma bakin koginsu na yankin Kimberley da jikarta, yayarta ta shafo gumin hammata ta goga mata a goshi. A al'adarsu, da gumi ake gabatar da mutum ga ƙasar kakanninsa.

"Tsaya mana, sarauniyar tsafta! Ta yaya ƙasa za ta gane ki kina warin sabulu?" in ji yayar.

Tun tsohuwar tana ƙarama hukuma ta ɗauke ta daga nan, aka dirje ta a gidan mishan. Tun ranar ba ta daina dirza ba: jikinta, na 'yarta, yanzu na jikarta, har fata ta tsage. Likitoci sun raɗa wa ciwon suna, sai ka ce suna magani ne.

Da yammacin ranar da suka je kogin, jikar ta kawo soso tana ɗari-ɗari. "Kaka, wanka?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon soson. Sannan ta kai hannu hammatarta.

"Ajiye shi. Matso, 'yar nan, kogi bai san ki ba tukuna."