Birkin Gaban Babur Ɗin Baba

Baba bai yarda da birkin gaban babur ɗinsa ba, mai faifai, wai kayar da mutum yake yi. Na baya yake takawa, wanda ke rufe cikin taya.

Ran nan da la'asar ya goyo ni daga Sheme. Mun ratsa rafi ke nan, sai ga shanu sun cika hanya. Ya taka birki, bai kama ba, ruwa ya shige shi. Dole ya damƙe na gaba. Muka tsaya cak, kumatuna manne da bayansa, numfashin saniya na dukan ƙafata.

Ya leƙa faifan, ya ce, "Ashe kai ne ɗan halak."

Har yau in na kama birkin gaba, ajiyar zuciyarsa nake ji a kumatuna.